Ƙasar Habasha: Kowane Tudu da Tukunyarsa

Da yawanmu mun sha taka ƙasar Habasha ba tare da mun shige ta ba. Mai tafiya Umra, da ɗan kasuwar Dubai ko Sin, da ɗalibin da zai wuce Indiya, duk sukan sauka a filin jirgin sama na Bole, su yi zaman jiran jirgi na gaba, su ƙara gaba. Abin da akasarinmu muka sani game da ƙasar bai wuce biyu ba: labarin Najjashi da muka karanta a Sira, da hotunan yunwar 1984 da aka yi ta haska wa duniya. Ni wani aiki ne ya kai ni Addis Ababa da kaka, bayan ɗaukewar ruwa, da na kammala kuma sai na ƙi juyowa gida nan take. Na shiga mota na nufi kudu, na dawo na yi gabas, ina ci ina tambaya.

Tun daga ƙofar filin jirgi jiki yake shaida wa mutum ya hau sama. Addis Ababa tana zaune a kan tudun da ya haura mita 2,300 daga doron teku, dutsen Entoto da ya tokare ta ta arewa kuwa ya wuce mita 3,000. In ka hau bene da sauri sai ka tsaya mai da numfashi, alwalar asuba kuma sai da dauriya. Wannan tsayi shi yake juya komai a ƙasar, har abin da ake zubawa a tukunya. Manomansu tun kaka da kakanni sun kasa ƙasar gida-gida. Can sama akwai dega, ƙasar sanyi da raɓa, inda ake noman sha'ir da alkama da wake, ake kiwon tumaki da dawaki. A tsakiya akwai weyna dega, daga mita 1,500 zuwa wajen 2,300, wadda ta fi daɗin zama, nan ne gidan tef (wani hatsi mai ƙananan ƙwayoyi) da masara da gahawa. Ƙasa da haka sai kolla, ƙasar zafi da sauro, ta dawa da awaki da raƙuma. Dutsen Ras Dashen a arewa ya haura mita 4,500, kwarin Danakil na mutanen Afar kuma ya nutse fiye da mita 100 ƙasa da doron teku, duk a ƙasa ɗaya. Tsakanin tudu da tudu kwazazzabai ne masu zurfin gaske, har ƙauyuka biyu su riƙa hangen hayaƙin juna alhali tsakaninsu tafiyar wuni ce a ƙafa.

Ƙasar da aka halitta haka ba za ta yi harshe ɗaya ba. Suna da harsuna sama da 80, jama'arsu ta wuce miliyan 120, Nijeriya kaɗai ce gabansu a Afirka. A ƙidayar 2007 Oromo ne kan gaba da kashi 34 da ɗoriya cikin ɗari, sai Amhara da kusan 27, Somali da Tigray kowanne da kashi 6, sannan Sidama da Gurage da Wolayta da Hadiya da Afar da sauransu birjik. Kiristocin Otodoks kashi 43 ne da ɗoriya, Musulmi kusan 34, Furotesta kusan 19. Don haka duk wanda ya ce maka ya ci abincin Habasha, ka tambaye shi na wane tudu.

Na fara da Markato, babbar kasuwar birnin, wadda ake lissafawa cikin mafiya girma a Afirka. Bayan sallar azahar a masallacin Anwar, wanda yake maƙwabtaka da cocin Raguel, na bi layin masu kayan yaji. Ga jan barkono buhu-buhu, ga hulba da habbatus sauda da citta da kanumfari da tafarnuwa, ga korarima, 'yar'uwar citta mai 'ya'ya. Su ake haɗawa, iri goma sha wani abu, a shanya, a ɗan soya sama-sama, a niƙa su zama berbere, jan yajin da shi ne ginshiƙin miyarsu. Kowace mace da hannunta, kuma da yawa sukan yi na shekara a lokaci guda.

A nan idona ya faɗa kan abin da ya kamata duk Musulmin da zai je ya sani. Rumfunan mahauta suna da alama a goshi, ko gicciye ko jinjirin wata. Kiristan Otodoks ba ya cin yankan Musulmi, Musulminsu ma ba ya cin yankan Kirista, kuma kowa ya ɗauki hakan a matsayin yadda aka gada, ba gaba ba. Naman alade kuwa dukkansu ba sa ci. In ana biki a unguwar da aka cakuɗa, mai hali yakan yanka dabba biyu, ɗaya Musulmi ya sa mata wuƙa, ɗaya Kirista, a dafa a tukwane daban, a zauna a rumfa ɗaya.

Inda hannuwansu ke haɗuwa a faranti ɗaya shi ne abincin azumi. Cocin Otodoks ta ɗora wa mabiyanta azumin Laraba da Juma'a, da babban azumi na kwana 55 kafin Ista, da wasu da dama, waɗanda in an tara su sukan kai kwana 180 a shekara, malaman coci kuwa har wajen 250. A kwanakin nan babu nama, babu ƙwai, babu nono, babu man shanu. Ɗaruruwan shekaru na wannan horo sun sa matan ƙasar sun ƙware a girkin wake da ganye, ƙwarewar da ban ga irinta a wani wuri ba. Wani abokin aikina, Kirista ɗan ƙabilar Amhara, ya ja ni wani ƙaramin gidan abinci a unguwar Piyasa ranar wata Laraba, ya ce yau dai babu abin da zai raba mana kwano. Aka kawo babban faranti shimfiɗe da injera, wata faffaɗar waina mai tsami, an jera miya tuli-tuli a kai: jar miyar adas (wani ɗan ƙaramin wake) mai yaji, rawayar miyar wake marar yaji, ganye da tafarnuwa, kabeji da dankali da karas. A tsakiya aka juye shiro, yana tafarfasa daga 'yar tukunyar ƙasa. Sunan wannan haɗi bayaynatu. Shiro kuwa garin wake ne da aka soya aka niƙa da kayan yaji, a dama shi a kan albasa da mai har ya yi kauri. Shi ne abincin talaka na kullum, na ɗalibi da lebura da direban tasi, amma a duk abin da na ci a birnin babu wanda na yi ta koma wa kamarsa.

Da injera ake shimfiɗe farantin, da ita ake ɗibar miya, a ƙarshe a cinye shimfiɗar da ta sha romo. Wanda ya san sinasir ya kama hanyar gane ta, sai dai ta fi shi faɗi nesa ba kusa ba, ta fi shi laushi da tsami, launinta kuma toka-toka ne. Matar gidan da na sauka ta bar ni na zauna a bakin madafarta na ga yadda ake yi. Garin tef ake kwaɓawa da ruwa, a zuba ruwan tsamin da aka rage daga ƙullun baya, wanda suke kira ersho, a rufe kwana biyu zuwa uku. Ranar tuya sai ta tsiyaye ruwan da ya taso, ta ɗebi kaɗan daga ƙullun ta dafa shi ya yi kauri, ta mayar cikin sauran, ta jira ya kumbura. Kaskon na yumɓu ne, suna ce masa mitad, faɗinsa ya wuce rabin mita. Ta cika gwangwani da ƙullu, ta fara zubawa daga gefe tana kewayowa zuwa tsakiya, hannu bai tsaya ba, kuma ba ta bar tazara ba. Nan da nan fuskar ta cika da ƙananan huji, ta kifa murfi, bayan minti biyu ko uku ta zare ta da faifai. Ba a juya ta. Da hujin nan ake gane gwana, domin su ke shan miya.

Shi kansa tef ƙwayarsa mitsitsiya ce, dubu ba su kai nauyin rabin giram ba. A hanya na ga yadda ake sussukarsa: a shafe fili da kashin shanu ya bushe, a baza dammuna, a kora shanu su yi ta kewayawa a kai. Wahalarsa da yawa, yabanyarsa ba ta ba da abin da masara ke bayarwa, ga tsada. A 2006 gwamnati ta hana fitar da ƙwayarsa waje don kada farashi ya gagari 'yan ƙasa, duk da haka iyalai da yawa a birni sai sun sirka garin da na dawa ko masara ko shinkafa. Abin da ya fi ɓata mini rai a labarinsa shi ne wani kamfani a Holan ya taɓa yin rajistar mallakar hanyar sarrafa garin tef a Turai, hatsin da manoman Habasha suka yi shekaru dubbai suna nomawa. Sai a 2018 wata kotun Holan ta ce rajistar ba ta da tushe.

Arewa ban samu zuwa ba, saboda hanyoyin ba su da tabbas tun yaƙin Tigray da ya ɓarke a Nuwamba 2020 aka tsagaita shi da yarjejeniyar Firitoriya a Nuwamba 2022. Can ne garin Negash yake, inda mutanen wurin ke nuna masallaci da kaburburan da suke dangantawa da Najjashi da wasu daga sahabban hijirar farko ta shekarar 615, kuma masallacin ya samu ɓarna a yaƙin. Abincin yankin dai na ɗanɗana a Addis Ababa. Sunansa tihlo, na mutanen wajen Adigrat ne, ƙasar tudu mai sha'ir. Mace takan zauna kusa da masu ci tana mulmula soyayyen garin sha'ir ƙanana-ƙanana tana jefawa a faranti, kowa yana soka da ɗan icce mai baki biyu yana tsomawa a miya mai zafi.

Babban abin da tafiyar ta nuna mini shi ne injerar tef ba ta kowa ba ce. Abincin mutanen tudun arewa da tsakiya ce, waɗanda sarautar ƙasar ta daɗe a hannunsu. Da Sarki Menelik na Biyu ya faɗaɗa daular zuwa kudu da gabas a ƙarshen ƙarni na 19, ita ma ta bi sojoji da ma'aikata ta shiga garuruwa, har baƙo ya ɗauka ita kaɗai ce. Kilomita 130 kacal kudu da Addis Ababa, a ƙasar Gurage, tukunya ta canza.

Direban da ya kai ni Musulmi ne ɗan Gurage, mutanen da suka yi suna a kasuwanci har Markato ta zama kamar gidansu. Muka wuce Tiya, inda aka kakkafa duwatsun kaburbura masu zanen takubba, muka isa Butajira a gindin dutsen Zebidar, muka haura ƙauyensu ta wata faffaɗar hanya mai ciyawa, gidaje a jere hagu da dama. Ɗakunan zagayayyu ne masu dogon jinka, bayan kowanne kuma duhun wata shuka ce da duk wanda ya gani zai ce ayaba ce. Sunanta enset. Ganyenta ya fi na ayaba girma, takan yi tsayin ɗaki, 'ya'yanta kuwa ba sa ciwuwa, ƙwallaye ne zalla. Jikinta da saiwarta ake ci. Babu inda aka mai da ita amfanin gona sai Habasha, kuma mutum kusan miliyan 20 ne suka dogara da ita: Gurage, Silte, Hadiya, Kambata, Wolayta, Sidama, Gedeo da maƙwabtansu.

Na yi sa'a na tarar ana aikinta. Maza su ne da shuka da dashe, abin da ya biyo bayan sarewa kuwa na mata ne, kuma gayya suke yi, yau gidan wannan, gobe gidan waccan. An jingina wani faffaɗan katako a tsaye. Mahaifiyar direban, tsohuwa mai ƙarfin hali, ta zauna a ƙasa, ta ɗora ɓawon jikin enset a kan katakon, ta ɗaga ƙafa ɗaya ta danne shi da diddige daga sama, ta kama tsagin gora da hannu biyu tana kankarowa ƙasa. Farin ɓargo yana zubowa a kan ganye, zare yana saura a jikin katako. Wata tana gefe tana farfasa saiwar da wani icce mai haƙora. Sai a matse abin da aka kankaro, a bar ruwan ya kwanta, farin da ya zauna a ƙasa shi ne bulla, wanda ake dama wa mai jego da marar lafiya da babban baƙo. Sauran a zuba shi a rami da aka shimfiɗe da ganye, a tattake, a rufe, a danne da duwatsu. Nan zai yi watanni yana tsami, wani har shekara ko fiye, ana buɗewa jefi-jefi a juya a canza ganye. Shi ne koco. Zaren a yi igiya da tabarma da buhu, ganyen a yi naɗi da shimfiɗa da abincin shanu, takin shanun kuma ya koma gindin shukar.

Tsohuwar ta zagaya da ni bayan ɗaki ta nuna mini ramukanta, ɗanta yana yi mana tafinta. Ta ce in ruwa ya ƙi zuwa shekara guda mai hatsi ne zai yi kuka, ita tana da na binne, tana da na tsaye. Gaskiya ta faɗa. Enset takan yi shekara huɗu zuwa bakwai ko fiye kafin ta ƙosa, don haka kowane gida yana da ƙanana da matsakaita da manya, ana iya sare ta a kowane wata, kuma tana jure ɗaukewar ruwa na wani lokaci. Yunwar shekarun 1970 da 1980 ta fi yin kaca-kaca da yankunan hatsi na arewa. Duk da haka an daɗe hukumomi da masu bincike sun fi karkata ga hatsi, wasu mutanen birni ma suna kallon koco a matsayin abincin ƙauye. A ganina wannan rashin adalci ne ga matan da suka riƙe wannan ilimi a hannunsu. Ba wai ba ta da naƙasu ba: koco shi kaɗai ba ya gina jiki sai an haɗa da nono ko wake ko nama ko ganye, aikinta yana karya ƙugun mata, sannan akwai wata cuta da ke sa ta yaushi, wadda wuƙa kan ɗauka daga shuka zuwa shuka. Waɗannan su ne wuraren da ya kamata a zuba kuɗin bincike.

Da dare aka tono koco, aka yayyanka shi da wuƙa a kan katako don a tsinka ragowar zare, aka baje shi, aka naɗe a ganye aka gasa a kasko. Yana fitowa da nauyi da danƙo, da tsami mai ƙarfi da ƙamshin ganye. Mahaɗinsa kitfo: jan naman sa marar kitse da jijiya, a daddatsa shi lilis, a juya shi cikin man shanun da aka dafa da ganyayen ƙamshi, a barbaɗa mitmita, yajin da ya fi berbere zafi. Su ɗanye suke so, ko wanda ya ɗan ji wuta. Na roƙi a dafa mini nawa sosai, aka yi ba wanda ya ɓata rai. An kawo shi a kan ganyen enset, da farin cuku da dafaffen ganye a gefe, da cokalin ƙaho. Mahaifin gidan ya naɗe loma da hannunsa ya sa mini a baki. Gursha ke nan, girmamawa ce, kuma ba a ƙin ta. Direban ya ce mini duk inda ɗan Gurage yake, sau ɗaya a shekara sai ya rufe shago ya dawo gida da tsarabar iyaye, Musulmi da Babbar Sallah, wadda suke kira Arafa, Kirista kuma da bikin Meskel a ƙarshen Satumba. A dangi ɗaya sai ka samu duka biyun.

Bayan abinci sai gahawa, kuma a nan ne duk ƙabilun da na ratsa suka yi tarayya. Asalin bishiyarta dazuzzukan kudu maso yammacin ƙasar ne, wajen Kaffa da Jimma. Habasha ce ta fi kowace ƙasa a Afirka nomanta, kuma kusan rabin abin da suka noma su suke shanyewa. Matar ɗan gidan ta baza ɗanyar ciyawa a ƙasa, ta sa lubban a garwashi, ta wanke ɗanyun ƙwayoyi ta soya su a gabanmu har suka yi baƙi suna maiƙo, ta zagaya da kaskon kowa ya shaƙi hayaƙin, ta daka a ɗan turmi, ta dafa a jabana, baƙar butar yumɓu mai dogon wuya. Zagaye uku ake sha, abol da tona da baraka, ana ɗan taɓa gugguru ko soyayyen sha'ir. A birni da sukari ake sha, a wannan ƙauye kuwa gishiri aka sa da ɗan man shanu.

Daga Butajira muka gangara Ziway muka bi tafkuna zuwa Hawassa. A ƙasar Oromo na karya kumallo da cacabsa, gurasa ce da aka yayyaga aka juya cikin man shanu da berbere, wani ya ƙara zuma. Mutane ne masu shanu, don haka man shanu a wurinsu abinci ne, magani ne, kuma da shi ake sa albarka, har ƙwayar gahawa sukan soya a cikinsa a taron addu'a. Tsarin mulkinsu na gargajiya, Gada, yana sauya shugabanni duk shekara 8, kuma UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2016. A Hawassa, birnin Sidama da suka samu jiharsu a 2020 bayan ƙuri'ar raba gardama ta 2019, na ci soyayyar karfasa a bakin tafki, na wuce.

Hanyar gabas sai an fara sauka. Daga Adama ƙasa take gangarawa, rigar sanyi ta fita, a Metehara ga baƙaƙen duwatsun aman wuta, ga makiyayan Karayu da raƙumansu, a Awash kuma ga mutanen Afar, waɗanda gishirin ƙasarsu, da ake yankawa sanda-sanda ana kira amole, ya daɗe yana matsayin kuɗi a Habasha. Nan nono da nama ne abinci. Daga Mieso mota ta sake ɗaukar hawa zuwa tsaunukan Carcar, sai ga dawa, dogaye masu jan kai, an yi musu gonaki hawa-hawa a jikin dutse. Injerar wannan yanki galibi ta dawa ce, ta fi ta tef kauri da saurin bushewa.

Harar tana kan tudun da ya kusa mita 1,900, kilomita 500 da wani abu daga Addis Ababa. Ganuwarta, Jugol, Sarki Nur ibn Mujahid ne ya gina ta a ƙarni na 16, da ƙofofi biyar na asali, kuma a cikinta akwai masallatai 82. Birnin ya yi zamaninsa da sarakunansa da kuɗinsa na kansa kafin Menelik ya ci shi a yaƙin Calanko a 1887. UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2006. Lungunan ƙunci gare su, wani ma mutum biyu ba sa giftawa sai ɗaya ya raɓe. Mutanen Harari 'yan kaɗan ne, suna da harshensu, amma kasuwar ta kowa ce: matan Oromo da madara da icce da ganye, Somali da naman raƙumi, Amhara da Gurage da shaguna. A mahautar Gidir Magala shirwa na shawagi a kan mutane tana jiran tsoka. Kurayen da ake ba nama a bayan ganuwa da dare su ne abin da baƙi ke tururuwar gani, na je na gani, amma hankalina ya fi zama a cikin gidajen.

Babban ɗakin gidan Harari yana da dakali biyar hawa-hawa, shimfiɗe da darduma, kowa da inda ya dace ya zauna gwargwadon shekaru da matsayi. Bango kuwa daga sama har ƙasa an rataye shi da kwanduna masu launi da akussa da kwanoni, aikin hannun matan gidan da kayan aurensu. A nan aka ba ni hulbat marak, miyar hulba da nama da tumatir, mai ɗan ɗaci-ɗaci da ke daɗa daɗi in ta sauka. Hulbar nan da muka fi sani a wajen magani, su miya suke yi da ita. Bayan ta aka kawo kuti, ganyen bishiyar gahawa ne da aka busar aka dafa, ana sha da madara. Ya ba ni mamaki a ce garin da gahawarsa ta yi suna a duniya, a cikin gida ganyen ake dafawa, amma tsohuwar al'ada ce ta mutanen da ƙwayar take hajar sayarwa a wurinsu. Bayan Ƙaramar Sallah, in sun kammala azumin sitta shawwal, sukan yi bikin kwana uku da suke kira Shuwalid, da zikiri da waƙe da rawa, shi ma UNESCO ta karɓe shi a 2023.

Abin da ya dame ni a gabas shi ne kat, ganyen da ake taunawa don ya wartsakar. Bayan azahar gari yakan yi tsit, maza da yawa sun kishingiɗa da ƙunshinsa a gaba, wani kuɗin cefanen gidansa ke nan ya tafi. Kasuwar Awaday da ke kusa da Harar ba ta barci, da dare ake ɗaure shi a loda motoci su kwasa da gudu zuwa Jibuti da Hargesa kafin ya yi yaushi. Tafkin Haramaya da ke kan wannan hanya ya taɓa ƙafewa ƙaf a wajen 2005, kuma jan ruwa don ban-ruwan gonaki yana cikin dalilan, sai daga baya ruwan ya dawo. Gonakin gahawa da na hatsi da yawa sun koma na kat. Ban iya ganin laifin manomi kai tsaye ba. Wani da muka tsaya a bakin gonarsa ya yi mini lissafi a fili: gahawa sau ɗaya take ba shi kuɗi a shekara, kuma ba shi yake yanka farashi ba, kat kuwa yana tsinka sau da dama, da shi yake biyan kuɗin makaranta, da shi ya yi rufin kwano. Amma bai yarda ya ba shi gonar duka ba. Tsakanin kowane layi biyu na kat ya bar layin dawa da ɗan dankali, ya ce wannan na bakin yara ne, ba ya shiga kasuwa ko nawa aka taya.